Izinin da Ban Rubuta Ba

Shekara tara na yi ina riƙe da muƙamin sakatare a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu a Garwa, kuma a tsawon waɗannan shekaru ban taɓa rubuta ƙarya a kundin ƙungiya ba. Na daɗe ina faɗin wannan magana da alfahari. Yanzu ina faɗinta ne domin mai karatu ya san irin mutumin da ke ba shi labari, ya kuma san cewa da wannan gaskiyar tawa na raba wani bawan Allah da ragar da yake tsaro.

Aikina na asali ajiyar takardu ne a wani ofishin gwamnati. Na ƙare lise, wato sakandare, a Garwa, na ƙara shekara biyu a Ngawundare, na dawo gida da imani guda mai ƙarfi, cewa duk abin da ba a rubuta ba, gobe kowa zai faɗe shi yadda ya ga dama. Ƙungiyar kuwa ta wani attajiri ce mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa, wanda kakansa ya zo daga ƙasar Katsina da fatauci ya zauna. Kowa Alhaji yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Ofishin ƙungiya shi ne bencin da ke ƙofar shagonsa. A nan ake ɗaukar ɗan wasa, a nan ake sasanta faɗa, a nan ake yanke wanda zai buga ranar Lahadi, duk da baki, tsakanin kofin shayi da cinikin turmin atamfa. Da suka so shiga gasar yanki, aka ce musu sai da dokokin ƙungiya a rubuce, da lasisi mai hoto ga kowane ɗan wasa, da rahoton taro cikin Faransanci. Sai aka tuna da ni.

Abin da na tarar ya ɓata mini rai ƙwarai. 'Yan wasa suna zuwa atisaye lokacin da suka ga dama, riguna suna ɓacewa, ba wanda ya san ko su nawa ne. Na zauna mako guda na tsara dokoki, na buga su a ofis, na kai wa Alhaji. A cikinsu akwai wadda ta ce duk wanda ba zai zo atisaye ba, sai ya rubuto takardar neman izini ga sakatare, in ba haka ba a rubuta shi a matsayin wanda ya yi fashi ba uzuri. Alhaji ya sa hannu bai karanta ba. Ya miƙo mini biron yana cewa, "Sakatare, in dai takarda ce, taka ce. Ni mutane na sani."

Mai tsaron gidanmu saurayi ne dogo siriri, ɗan masunta daga Lagdo, yana zaune wurin kawunsa a Garwa yana gyaran rediyo da talabijin. Ba wanda ke kiran sunansa, Gola kawai ake ce masa. Tun kafin zuwana da shekaru yake tsaron ragar ƙungiyar a wasannin unguwa, kuma ba zan rage masa komai ba, ya iya aikinsa. Hannuwansa dogaye ne, ba ya tsoron ƙafar kowa, kuma a bugun fenariti yakan tsaya cak yana kallon idon mai bugu har sai wancan ya rikice.

Sai dai bai taɓa yin abu yadda sauran mutane ke yi ba. Rigar gola da Alhaji ya saya baƙa ce, shi kuwa ya kai wa tela wani yadi rawaya mai sheƙi aka ɗinka masa da aiki a wuya, irin na jaruman finafinan Indiya. Kuma yana waƙa a cikin raga. In ƙwallo ta yi nisa, sai ya ɗauki karin wata waƙar fim ya zuba mata kalmominsa, rabi Fulatanci rabi Hausa, yana tsokanar ɗan gaban abokan karawarmu, yana ambaton takalminsa da tafiyarsa da budurwar da ta ƙi shi. 'Yan kallo suka bar gefen fili suka koma bayan ragarsa. In an tafi hutun rabin lokaci aka sauya gida, sai ka ga jama'a sun kwashi kujerunsu da buhunan zamansu sun bi shi ɗaya ɓangaren, har da masu sayar da rake da ruwan leda. Na rubuta masa gargaɗi sau biyu a kan rigar. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya sa a cikin safarsa, ya ce za ta tare masa ƙafa.

Ranar Alhamis kuma ba ya zuwa atisaye. Yakan hau mota da sassafe ya tafi Lagdo, inda yake da wata rumfar zana da aka lulluɓe da tamfol, da talabijin da ya harhaɗa da hannunsa, da ƙaramin janareta. Bayan azahar, lokacin da masunta suka dawo daga ruwa, yakan nuna musu fim.

Sau ɗaya na gani da idona. Aikin ofis ya kai ni Lagdo wata Alhamis cikin zafin bazara, na gama da wuri, ina neman inuwa kusa da inda mata ke bandar kifi, sai na ji muryarsa a lasifika. Na shiga daga baya na tsaya jikin ginshiƙi. Rumfar cike take, warin hayaƙi da gumi da kifi ya gauraye. Gola yana tsaye gefen talabijin da makirufo a hannu, yana ba su labarin abin da suke gani. Bai san ko kalma ɗaya ta yaren fim ɗin ba. Jarumin ya mayar da shi ɗan masunci wanda kwalekwalensa ke yoyo, mugun ya zama dillalin kifi mai tauye mudu, uwar jarumar kuma ya ba ta muryar wata tsohuwa mai sayar da kunu wadda duk suka sani, tana zaune a gaba tana zaginsa tana dariya. Da faifan ya maƙale, bai ko damu ba. Ya jawo garaya daga bayan akwati ya ci gaba da labarin da waƙa, jama'a suna amshi, har faifan ya saki.

Awa biyu na yi a tsaye. Na yi dariya har na share hawaye da hular kaina. Kafin a ƙare na sulale na fita don kada ya gan ni.

A mota, a hanyar komawa, muna wuce gonakin shinkafa, sai na ji haushi ya cika ni, kuma na gaya wa kaina cewa haushin ƙarya ne: mutum ya tsaya gaban jama'a yana sa wa mutane maganar da ba su faɗa ba. Na ɗauki shekaru kafin in yarda ba wannan ba ne. Ina yaro, kafin a rufe gidan silima na cikin gari, ba abin da nake so kamar fim. Ina da wani littafi da nake rubuta duk wanda na gani, da ranar, da kujerar da na zauna. Har na girma ban taɓa ba kowa labarin ko ɗaya daga cikinsu ba, ban taɓa rera waƙar ko ɗaya a gaban mutum ba, don kada a ce ɗan boko ya zubar da girmansa. Ni na tara jeri a littafi. Shi wanda bai ƙare firamare ba ya ɗauki abin ya mayar da shi nasa, ya raba wa mutane, suka koma gida da fara'a. Ya san abin da aka halicce shi ya yi, yana kuma yinsa ba tare da ya nemi yardar kowa ba. Wannan ne ban iya yafe masa ba.

Amma a kan atisaye ya nemi yarda, kuma a gabana aka yi.

Wata Laraba da la'asar ina zaune a bencin Alhaji muna duba hotunan lasisi, Gola ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba Alhaji, gobe Alhamis."

"Na sani, ɗan nema. Ni na ce maka Juma'a ce? Za ka je ka yi wa masunta ƙarya ko?"

"Ba ƙarya ba ce, Baba, gyara ne. Su masu fim ɗin ba su san Lagdo ba, ni nake taimakonsu."

Alhaji ya yi dariya har ya ajiye kofinsa. "Tashi ka ba ni wuri. Duk Alhamis na ba ka, kada ka ƙara zuwa kana cika mini kunne. Ka dai taho mini da banda mai kyau, ba irin ta wancan makon da kyanwa ma ta ƙi ba. Sakatare, ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Alhaji. Sai dai ya rubuto, kamar yadda doka ta ce."

Gola ya juyo ya nuna mini tafukansa. "Malam Sakatare, hannun nan na kama ƙwallo ne, biro zamewa yake yi. Kai da ka ji da kunnenka, rubuta mana."

"Mai neman izini shi ke rubutawa."

"To, Allah ya ba mu ilimi," in ji shi, ya tashi yana murmushi. Alhaji ya riga ya juya wurin wata mai ciniki.

Na san sarai ba zai iya rubuta takardar Faransanci ba. Na san kuma layi uku ne, da zan rubuta masa cikin minti biyu ya sa hannu. Na yi wa kyaftin ɗinmu haka lokacin da matarsa ta haihu, na yi wa wani ɗan baya da ya tafi Bogo jana'iza. Gola ban yi masa ba. Duk Alhamis sai in buɗe kundin halarta, in nemo layinsa, in rubuta da jan biro cewa bai zo ba, ba uzuri. Ina rubutawa ina jin wani sanyi a raina, kamar na mayar da wani abu mazauninsa.

Kakar wasa biyu muka buga da lasisi, a ƙarshen ta biyu muka hau mataki na gaba. Rabin wannan nasara hannun Gola ne. Hawan ya zo da sababbin sharuɗɗa. Dole a sami koci mai takardar shaida, kuma yawan 'yan wasan da za a yi wa lasisi yana da iyaka, sai an rage mutane. Alhaji ya ɗauko wani koci daga kudu, mutum mai tsari da natsuwa, wanda ya zo da nasa mai tsaron gida. Akwai kuma wani matashin gola da muke da shi tun da. Gurbi biyu, mutum uku. Ana cikin haka Alhaji ya tafi Kuseri karɓo kaya, ya ce kwamiti ya zauna ya gama jerin sunaye, don ranar Juma'a ake rufe karɓa.

Muka zauna ranar Alhamis bayan atisaye, ƙarƙashin dalbejiyar da ke bakin fili. Mu biyar ne: koci, da mataimakin shugaba, da kyaftin, da ni, da ma'ajinmu, wani dattijo tsohon direban motar auduga. Kocin ya yi magana da Faransanci, ya ce kwanansa goma a garin, bai san kowa ba, ba ya so ya zalunci kowa, saboda haka kundi zai bi. Na buɗe na karanta. Da na zo kan layin Gola, jan biro ya cika shafin daga sama har ƙasa. Kocin ya ɗaga kai ya dubi fili, ya ce ko yau ma bai gan shi ba.

Dattijon ya gyara zama. "Tsaya tukuna. Ba Alhaji ne ya ba yaron nan Alhamis ba? Ni kamar na taɓa jin haka a kasuwa. Sakatare, kai ne kullum a bencin."

Duk suka dube ni. Ina iya tuna ƙarar wani babur da ya wuce a lokacin, da ɗacin ganyen dalbejiya da ke faɗowa kan shafin.

Na ce, "A rubuce, babu."

"Ba rubutu na tambaye ka ba, ɗana."

"Ni abin da ke cikin kundi shi zan iya ba da shaida a kansa."

Dattijon ya ciro wayarsa ya kira Alhaji, ba ta shiga ba. Ya sake kira, haka. Ya ce a jira zuwa safe. Ni ne na tunatar da su cewa da safe ake kai jeri, kuma bisa doka mutum huɗu sun isa yanke hukunci. Kyaftin ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa. Kocin ya ce ba zai iya gina ƙungiya a kan mai tsaron gidan da ke ɓacewa duk mako ba tare da ya gaya wa kowa ba. A kan abin da aka nuna masa, gaskiya ya faɗa. Aka cire sunan Gola. Washegari ina kan layi tun kafin a buɗe ofishin gasar, ni ne na biyu da aka buga wa hatimi.

Ranar Asabar da hantsi ya yi sallama a ƙofar gidana. Na fito na same shi tsaye a rana, da safar hannunsa ta gola a cikin leda.

"Malam Sakatare, an ce babu sunana."

"Kwamiti ne ya yanke."

"An ce an tambaye ka."

"Na faɗi abin da ke cikin kundi."

Ya dube ni, irin kallon da yake yi wa mai bugun fenariti. Sa'an nan ya ce, "Kunnenka fa? Shi ba ya cikin kundin?"

Na soma yi masa bayanin doka ta goma sha ɗaya, ta neman izini a rubuce, ya ɗaga hannu a hankali ya tsayar da ni. Ya miƙo ledar, ya ce safar ta ƙungiya ce, a rubuta cewa ya mayar, kada gobe a ce ya gudu da ita. Ya gaishe da iyalina, ya tafi. Na shiga ciki na rubuta cewa ya mayar.

Alhaji ya dawo bayan kwana shida. Bai aiko a kira ni ba, sai da na je da kaina. Ya bar ni a tsaye, ya gama auna wa wata mata yadi, sa'an nan ya ce, "A gabanka na ba yaron nan izini. Na tambaye ka ko ka ji, ka ce ka ji."

"Alhaji, dokar da ka sa wa hannu..."

"Ni na sa wa takarda hannu, shi kuma na ba shi bakina. Wanne ya fi girma a wurinka?" Ya ninke sauran yadin. "Ba zan kore ka ba, don ba wanda ya iya takardun nan sai kai. Amma daga yau kada ka ƙara ce mini ka ji. Kai ba ka ji, karantawa kawai kake yi."

Ya je ofishin gasar da kansa, aka ce masa an rufe sai baɗi, kuma rufewar ta shafi kowace ƙungiya, saboda haka ba inda Gola zai buga a wannan kaka. Kafin shekara ta zagayo mahaifinsa ya kwanta ciwo, Gola ya tattara ya koma Lagdo gaba ɗaya. Alhaji ya aika masa sau biyu, ya aiko da godiya da kifi, bai dawo ba. Sabon golan ba shi da laifi, yana sa baƙar riga, yana zuwa atisaye a kan lokaci. Bayan ragarsa ba kowa sai awaki. Na ci gaba da aikina shekara bakwai, kundina tsaf, har Alhaji ya rasu, 'ya'yansa suka ce ba su da sha'awar ƙwallo, ƙungiya ta watse. Kundaye da hatimi suka dawo gidana, na sa su a akwatin ƙarfe.

A cikin waɗannan shekaru na shirya maganar da zan yi wa Gola fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Lagdo ba nisa. Ban je ba.

Shi ne ya zo. Bara, wata Litinin, aka ce ina da baƙo a ofis. Ya yi jiki, furfura ta soma fito masa a gemu, yana ɗauke da bandar giwan ruwa a cikin takardar siminti. Ya ajiye mini a kan tebur, kan fayilolin gwamnati, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Malam Sakatare! Har yanzu jan biron yana nan?"

Na ce yana nan.

Ya ce rumfar fim ta mutu tun da kowa ya sami waya a aljihu, yanzu waƙar biki yake yi, da yamma kuma yana koya wa matasan Lagdo tsaron gida a wani fili kusa da madatsar ruwa. An buɗe wani kwas na horar da masu koyarwa, wanda in ya samu zai iya riƙe ƙungiya a hukumance, ya shigar da yaransa gasa. Ba a neman takardar makaranta. Abu ɗaya ake nema, shaidar cewa mutum ya buga kaka uku da lasisi, da sa hannun sakataren ƙungiyarsa da hatimi.

"Kai kaɗai ka rage mai hatimin nan," in ji shi.

Na ce, "Kaka biyu ka buga da lasisi."

"Na sani. Ta ukun ai kai ka haɗiye ta. Amayo mini ita." Ya yi dariya, ba da ɗaci ba. "Uku za ka rubuta, Malam. Ƙungiya ta mutu, Alhaji ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Wa zai tono? Shekara nawa na yi a ragar nan kafin a san wani abu wai shi lasisi?"

Na roƙe shi kwana uku. Ya ce ba damuwa, zai kwana wurin kawunsa, akwai sauran mako guda kafin a rufe.

Na fito da akwatin, na buɗe kundin, na ga jan layin nan. Na zauna gaban na'ura na buga takardar shaida, na sa uku. Na karanta, na goge, na sa biyu. Na sake sa uku, har na buga ta a takarda, na ɗauko hatimi na shafa masa tawada. Hannuna ya ƙi sauka. Na gaya wa kaina cewa in aka bincika tsofaffin jerin gasar za a kama shi, a kunyata shi. Wannan yana iya zama gaskiya, amma ba shi ne ya riƙe mini hannu ba. Abin da ya riƙe shi shi ne maganar nan da na buɗe wannan rubutu da ita, cewa ban taɓa rubuta ƙarya ba. Ita kaɗai na mallaka. Ban gina ƙungiya ba, ban tare ƙwallo ko ɗaya ba, ban taɓa sa rumfa guda dariya ba. In na ba da ita, ban san abin da zan ce ni ne ba.

Na yaga mai ukun. Na buga mai biyu na sa hatimi. Sa'an nan na rubuta wasiƙa shafi huɗu zuwa ga masu kwas ɗin, da Faransanci mafi kyau da na taɓa rubutawa. Na faɗi komai: izinin Laraba, da jan biro, da tambayar dattijo, da amsar da na bayar. Na ce kaka ta uku ni na hana shi ita da gangan, na roƙe su su lissafa masa ita. Na sa hannu da cikakken sunana da muƙamina, na maƙala ta a jikin takardar shaidar.

Na same shi a tashar mota ranar Alhamis da safe. Muka zauna a bencin mai shayi, na fassara masa wasiƙar da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi takardun ya jujjuya su.

"Biyu ka sa ke nan."

"Biyu. Amma wasiƙar ta bayyana..."

"Wasiƙar ta yi kyau, wallahi. Da a rumfata ne da mata sun yi kuka." Ya sa su a cikin jakarsa. "Sai dai wannan taka ce, Malam Sakatare, ba tawa ba. Ni lamba na zo nema, kai kuma gafara kake nema. Gafara na ba ka tun tuni, ita ba ta da wuya. To, bari in kai musu mu gani."

Ya biya kuɗin shayinmu duka biyu kafin in sa hannu a aljihu.

Bayan kwana shida ya kira ni a waya, ina ofis. Ana jin hayaniyar yara da ƙarar ƙwallo a bayansa.

"Sun ce biyu ba uku ba ce."

"Wasiƙar fa? Sun karanta?"

"Wani saurayi ne a teburin, mai kirki, da gilashi kamar naka. Ya cire ta daga jikin takardar ya miƙo mini, ya ce ba ta cikin abubuwan da aka nema. Na zauna kwana biyu ko zan ga babbansu, ban samu ba. Jiya aka rufe."

Na ce, "Ka dawo. Ka dawo gobe in rubuta maka uku, in sa hatimi."

"An rufe, Malam. Ba ka ji ni ba? Kuma sun riga sun ga biyu da hatiminka." Sai ya ɗaga murya ya yi wa wani tsawa ya fito daga raga ya tari ƙwallo. Ya dawo kaina. "Yaya iyali? A gaishe su. Bari in je, yaran nan za su kashe mini gola."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe. Tun daga ranar na bi wannan hira a raina sau da yawa, ina duba abin da ya zo kafin wani, kamar yadda na saba duba takardu. Ba yadda zan juya ta ta sauya. Sai da ya gaya mini an rufe, sa'an nan na ce zan rubuta uku.